Yadda Za a Taimaki Yaro Mai Fargaba Idan Allura ko Ciwo Ya Tunkaro Shi

A ɗakin rigakafi ko wurin ɗibar jini, ba wuya a ga yara biyu sa'o'in juna, ma'aikaciya ɗaya ta yi musu allura iri ɗaya, na farko ya ɗan yamutsa fuska ya sauka daga kujera, na biyu kuwa tun daga bakin ƙofa yake tirjiya, idonsa ƙyam a kan farantin da sirinji yake, kuma bayan an gama ya daɗe riƙe da damtsensa yana shessheƙa. Abin da manya suka saba faɗa shi ne na biyun raki gare shi. Wannan hukunci bai yi wa yaron adalci ba, domin zafin da ya ji ya fi na ɗan'uwansa da gaske, ba shiri ya yi ba. Fargaba tana kama hankalin yaro ta ɗaure shi a kan abin da yake tsoro, shi kuma zafi yana ƙaruwa gwargwadon hankalin da aka tara a kansa. Uwa ko uba ko malamin asibiti da ya gane haka ya san inda zai sa hannu, domin ko da ba shi da ikon hana allurar, yana da iko mai yawa a kan inda hankalin yaron zai tafi kafin a yi ta, da lokacin da ake yi, da kuma bayan an gama.

Abin da ke faruwa a jikin yaron

A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi ba ya tashi daga fata ya isa ƙwaƙwalwa yadda yake. Sai ya bi ta laka, a nan kuwa akwai wani abu kamar ƙofa, inda ake iya ƙarfafa shi ko a raunana shi, kuma ƙwaƙwalwa da kanta tana aiko da umarnin da zai sa ƙofar ta ƙara buɗewa ko ta ɗan rufe. Shi ya sa yaro yakan yanke a ƙafa yana tsakiyar buga ƙwallo bai sani ba, sai ya ga jini sannan ihu ya tashi. Shi ya sa kuma murza wurin da aka buge yake kawo sauƙi. Tsoro yana daga cikin manyan abubuwan da ke buɗe wannan ƙofa.

Game da yadda fargaba ke jan ido kuwa, a 1986 Colin MacLeod da Andrew Mathews da Philip Tata suka ƙirƙiro wani gwaji a Landan. Ana nuna wa mutum kalmomi biyu a fuskar kwamfuta, ɗaya mai ban tsoro ɗaya ta yau da kullum, sai su ɓace, ɗigo ya fito a gurbin ɗaya daga cikinsu, a ce ya danna maɓalli da zarar ya gan shi. Masu fama da fargaba sun fi saurin dannawa idan ɗigon ya fito a inda kalmar tsoro take, domin dama idonsu yana wurin. Daga baya aka riƙa yi wa yara irin wannan gwaji da hotunan fuskoki masu fushi da masu sakin fuska. A 2007 Yair Bar-Haim da abokan aikinsa suka tattara bincike 172 na wannan fanni, suka ga cewa karkatar hankali zuwa ga barazana tana tare da masu fargaba, manya da yara, ba ta kuma bayyana haka ga waɗanda hankalinsu yake kwance.

Ma'anar wannan a aikace ita ce yaro mai fargaba ba zaɓa yake yi ya zura wa allura ido ba, kuma ce masa "daina tunanin abin" ba ya amfana masa komai. Yana jin ƙarar yage ledar sirinji kafin kowa, yana jin warin sifirit, yana lura da ɗan canjin da ya samu fuskar mahaifiyarsa. Bahaushe ya riga ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma likitanci ya tabbatar da cewa wannan yana farawa tun cikin tsumman goyo. A 1997 Anna Taddio da abokan aikinta a Toronto ta ƙasar Kanada suka nuna cewa jarirai maza da aka yi wa kaciya ba tare da maganin kashe zafi ba sun fi nuna jin zafi a lokacin rigakafin wata huɗu ko shida fiye da waɗanda ba a yi wa kaciyar ba. Jaririn ba zai iya ba da labarin abin da ya same shi ba, amma jikinsa ya adana.

Akwai kuma yaron da fargabarsa ba ta fitowa da ihu. Shi sandarewa yake yi, ya kau da kai, ya yi tsit, manya su yi ta yaba masa jarumta, alhali tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, daren kuma ya kasa barci ko ya yi fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Wannan yaro yana bukatar duk abin da za a faɗa a nan kamar yadda mai ihun yake bukata, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Kafin a bar gida

Abu na farko, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi, shi ne a daina tsorata yara da allura. A gidaje da yawa, idan yaro ya ƙi cin abinci ko ya dame mutane da kuka, sai a ce masa, "In ba ka yi shiru ba yanzu zan kira likita ya yi maka allura." Har a layin asibiti akan ji uwa tana nuna ma'aikaciyar jinya tana cewa, "Ga ta can, za ta tsira maka in ka sake motsi." Maganar tana aiki nan take, shi ya sa ake son ta, amma bashi ne da yaron zai biya daga baya. An koya masa cewa allura horo ce, mai farar riga kuma mai hukunci ne, saboda haka ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi aka zo sa masa ƙarin ruwa, ba ciwo kaɗai yake fuskanta ba, har da tambayar wane laifi ya yi. A sanar da kowa a gidan, har da kakanni da yayye da mai raino, cewa an bar wannan magana.

Abu na biyu shi ne gaskiya. Kada a ce wa yaro za a je gidan Goggo sannan ya tsinci kansa a ɗakin ɗibar jini, kada kuma a ce masa "ba zafi ko kaɗan". Yaron da aka yaudara sau ɗaya yakan faɗaɗa tsaronsa, daga nan duk fitar da za a yi da shi sai ya zargi wani abu, kuma maganar iyayensa ta daina kwantar masa da hankali a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Gaskiyar kuma ba doguwa ake so ba. Ga yaro ɗan shekara shida ko bakwai, irin wannan ta isa: "Gobe za mu je asibiti a ɗebi jininka kaɗan a duba lafiyarka. Za a ɗaura maka roba a damtse ta ɗan matse ka, a goge wurin da auduga mai sanyi, sannan ka ji tsini na ɗan lokaci. Kana kan cinyata har a gama, daga nan mu dawo gida." An faɗa masa abin da zai gani, da abin da zai ji, da dalili, da wanda zai kasance tare da shi, da kuma cewa abin yana da ƙarshe. Ɗan shekara uku ko huɗu a faɗa masa a ranar, gab da tafiya, domin dogon jira zullumi kawai yake tara masa. Wanda ya kai shekara takwas zuwa sama kuwa ya fi kyau ya sani da kwana ɗaya ko biyu, ya samu damar yin tambaya da shirya abin da zai riƙe hankalinsa da shi.

Idan ya tambaya, "Umma, da zafi?" amsar da ta dace ita ce, "Wasu yaran suna jin tsini, wasu suna jin matsi kawai. In an gama sai ka faɗa mini yadda ka ji naka." Ba a yi masa ƙarya ba, ba a kuma riga an yanke masa yawan zafin da zai ji ba.

Sai babba ya dubi kansa. A wani bincike da Taddio ta jagoranta a Toronto, wanda aka wallafa a 2012, kashi 63 cikin 100 na yaran da aka tambaya sun ce suna tsoron allura, amma kashi 24 cikin 100 na iyayen ma sun amsa cewa suna tsoro. Yaro kuwa daga fuskar babba yake karanta girman haɗari. A 1985 James Sorce da abokan aikinsa suka ɗora jarirai 'yan shekara ɗaya a kan wani tebur mai gilashi da aka shirya ya zama kamar akwai ɗan rami a tsakiya, uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Idan uwar ta saki fuska, yawancin jariran sukan rarrafa su tsallaka, amma da iyayen suka nuna tsoro a fuska, ko jariri ɗaya bai tsallaka ba. Saboda haka idan uwa ta san cewa ita kanta jikinta rawa yake yi in ta ga allura, ba abin kunya ba ne ta nemi uban yaron ko ƙanwarta ko kaka mai sanyin rai ta riƙe shi, ita ta tsaya daga baya inda yaron zai ji muryarta ba tare da ya ga fuskarta ba.

Akwai man shafawa mai kashe zafin fata, wanda ya ƙunshi lidocaine da prilocaine, ana shafa shi a wurin da za a soka kimanin sa'a ɗaya kafin lokacin, a rufe da leda. Ba ko'ina ake samunsa ba, kuma ba a shafa wa jariri sai da izinin likita, amma ga yaron da ake ɗibar jininsa a kai a kai ya cancanci a tambaya.

Lokacin da ake yi

A watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta kan rage zafi a lokacin rigakafi, kuma kusan duk abin da ta ba da shawara a kai ba ya cin ko kwabo. Mai kula da yaro ya kasance a wurin. Jariri a ba shi nono gab da allurar ko a lokacin da ake yi. Ƙaramin yaro a riƙe shi a jiki, babba ya zauna a miƙe. Idan allurai biyu ko uku za a yi, a bar mafi zafi ta zama ta ƙarshe. Ma'aikaci ya yi magana cikin natsuwa da kalmomin da ba sa tayar da hankali, ya kuma guji alkawarin ƙarya.

Batun riƙo yana bukatar a tsaya a kansa. Abin da aka saba gani shi ne a kwantar da yaro a gado, mutum uku ko huɗu su danne shi, wani ƙafa, wani hannu, wani kai. Aikin yakan yi sauri, amma yaron da aka danne ya rasa duk wani iko a kan jikinsa, kuma sau da yawa dannewar ce take zama abin da ya fi tunawa, ba tsinin allurar ba. In ba gaggawa ce ta ceton rai ba, a zaunar da shi a cinya yana fuskantar mai riƙon, ƙirji da ƙirji, ƙafafunsa sun raba ƙugunta, hannu ɗaya ya zagaya bayansa, ɗayan kuma ya tallafe hannun da za a soka. Riƙo ne mai ƙarfi da zai hana motsi, amma a wurin yaron runguma ce. Uwa tana da haƙƙin ta ce cikin ladabi, "Sista, don Allah bari in riƙe shi a cinyata, zai fi tsayawa," kuma yawancin ma'aikata za su yarda domin su ma aikin ya fi zo musu da sauƙi.

Sai maganar da ake yi wa yaron, a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Da yaro ya fara kuka sai uwa ta shiga jero masa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ba komai, an kusa gamawa, sannu, yi haƙuri," murya tana rawa, goshi a tattare. Meghan McMurtry da Christine Chambers da abokan aikinsu a Jami'ar Dalhousie da ke Halifax sun bibiyi wannan, suka ga cewa yara sukan ɗauki irin wannan lallashi a matsayin alamar cewa babban ma ya tsorata, kuma yawansa yana tafiya tare da ƙaruwar kukan yaro, ba raguwarsa ba. Ba wai tausayi laifi ba ne. Matsalar ita ce kowace "yi haƙuri" tana mayar da hankalin yaron kan allurar, tana kuma sanar da shi cewa lallai akwai abin da ya kai a ba shi haƙuri a kansa. Sau ɗaya ya isa, da murya ƙasa-ƙasa mai nauyi: "Ina nan tare da kai." Daga nan a juya maganar zuwa wani wuri.

Kunyatarwa kuma ta fi wannan muni. "Namiji ba ya kuka," ko "Ba ka jin kunya, ga ƙanwarka ko uffan ba ta ce ba," ko daka tsawa, duk suna ƙara wa yaron barazana ta biyu a kan ta farko, wato tsoron faɗuwa a idon mahaifinsa. Wanda aka yi wa haka yana iya haɗiye kukan, amma fargabar tana nan, kuma ya koyi ɓoye ciwo, abin da yake da haɗari ga yaron da wata rana za a bukaci ya faɗi gaskiyar abin da yake ji.

Ɗauke hankali shi ne babban makami, amma sai an iya shi. Hankalin mai fargaba yana da ƙarfin komawa kan abin tsoro, don haka abin da za a ba shi dole ya zama mai neman amsa, ba na kallo kawai ba. Kacici-kacici ya fi "duba tsuntsu can" nesa ba kusa ba. A ce masa, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya, mene ne?" a bar shi ya yi ta lalube har ya kai ga tsintsiya. A fara masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun ana layi, a kai daidai wurin da Gizo ya shiga tsaka mai wuya lokacin da ma'aikaciya ta ɗauko auduga, sannan a tambaye shi, "To kai a ganinka wace dabara zai yi?" Yaron da ya haddace gajerun surori ana iya karɓa-karɓa da shi, babba ya ja aya shi ya kawo ta gaba, wannan yana haɗa masa aikin tunani da natsuwar da ya saba samu a karatun. Mai son ƙwallo a ce ya lissafo 'yan wasan ƙungiyarsa daga mai tsaron gida. In waya za a ba shi, wasan da yake dannawa da ɗayan hannun ya fi bidiyon da zai zura wa ido kawai. Sharaɗin duka shi ne a fara kafin allura ta bayyana, domin idan kuka ya riga ya kai ƙololuwa, ba kacici-kacicin da zai shiga kunnensa.

Numfashi ma yana taimakawa, kuma gara a koya shi a gida tun ana wasa. Ya shaƙi iska ta hanci a hankali har cikinsa ya taso, ya fitar ta baki a hankali fiye da yadda ya shaƙa. Ƙaramin yaro ba zai bi wannan bayani ba, shi sai a ba shi balan-balan ya hura, ko a ɗora ɗan ɓarin auduga a tafin hannu a ce ya hure shi.

A ba shi zaɓi a cikin abin da zai yiwu: hannun dama ko na hagu, cinyar Umma ko kujera, ya ƙirga ko a ƙirga masa, ya kalla ko ya kau da kai. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin akwai yaran da rashin ganin abin da ake yi musu ya fi tayar musu da hankali, kuma rufe musu ido da ƙarfi zalunci ne. Abin da ba a ba shi zaɓi a kai shi ne ko za a yi ko ba za a yi ba, kuma kada a bar ciniki ya yi tsawo, domin kowane "bari tukuna" ƙarin lokaci ne ga fargaba ta yi girma.

Wasu manyan yara jiri yake ɗibarsu ko su suma idan sun ga allura ko jini. Wanda aka san yana da wannan a sanar da ma'aikaci tun farko, a yi masa a kwance ko a kishingiɗe, a kuma koya masa ya ɗaure tsokokin ƙafafu da ciki na ɗan lokaci ya saki, ya maimaita, domin hakan yana hana jini sauka daga kai. Malaman makaranta su kula da wannan a ranakun rigakafin taro, irin na cutar sankarar bakin mahaifa da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Idan aka jera yara suna kallon wadda ake yi wa, tsoro yakan bi layi daga ɗaya zuwa ɗaya. A sa labule ko a yi a wani aji dabam, kuma wadda ta fi kowa tsoro a fara da ita, kada a bar ta ƙarshe tana kallon hawayen kowa.

Bayan an gama

Yawancin iyaye suna ɗauka cewa da an cire allura magana ta ƙare, alhali a nan ne ake gina ta gaba. A 2012 Melanie Noel da abokan aikinta suka sa yara masu shekara 8 zuwa 12 su tsoma hannu a ruwa mai tsananin sanyi, suka tambaye su zafin da suka ji, bayan mako biyu suka sake tambayarsu abin da suke tunawa, daga baya kuma aka maimaita gwajin. Abin da yaro yake tunawa ya fi nuna zafin da zai ji a karo na biyu fiye da zafin da ya faɗa a karo na farko, kuma yaran da suka fi fargaba su ne suka fi tuna abin da muni fiye da yadda ya kasance. Tunanin yaro game da ciwo abu ne da ake sake ginawa duk lokacin da aka ba da labarin, kuma iyaye suna cikin masu ginin.

Saboda haka a kula da yadda ake ba da labarin a gida. Idan aka dawo ana cewa, "Yau ai mun sha kallo, sai da mutum huɗu suka riƙe shi, duk asibitin ya san da zuwanmu," ana dariya a gaban yaron, an rubuta masa tarihin da zai ɗauka zuwa karo na gaba. A maimakon haka a nemo abin da ya yi daidai, komai ƙanƙantarsa, a faɗe shi dalla-dalla kuma da gaskiya: "Ka yi kuka, amma ka tsayar da hannunka, kuma kai ka gano amsar tsintsiya." In ya ce, "An daɗe ana yi, kuma jini ya zuba da yawa," kada a ƙaryata tsoronsa, amma a gyara masa ma'aunin: "Ka tsorata sosai, na gani. Amma ka tuna ko ƙirga goma ba mu gama ba aka cire, kuma ɗigo ɗaya ne a audugar." Bayan kwana biyu a sake taɓo zancen a taƙaice, a tambaye shi abin da ya fi taimakonsa, domin a yi amfani da shi nan gaba.

Ciwon da ke tafiya yana dawowa

Allura ta minti ɗaya ce, amma akwai yaran da ciwo ya zame musu abokin zama, kamar masu yawan ciwon ciki ko ciwon kai, da kuma masu amosanin jini, wato sikila, wadda rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 da ita a Nijeriya kowace shekara. Irin wannan yaro yakan koma mai sauraron jikinsa dare da rana, ɗan motsi a gwiwa ko a ciki sai gabansa ya faɗi, ya ce ciwon ne zai tashi. Daga nan sai ya fara gudun wasa, ya fara gudun makaranta, zaman gida kuma ya bar shi ba abin da zai yi sai sauraron jikin, ciwon ya ƙara samun fili.

A 2006 Lynn Walker ta Jami'ar Vanderbilt a Amurka ta yi wani gwaji da ya kamata duk mai rainon irin wannan yaro ya sani. An ba yara, masu yawan ciwon ciki da masu lafiya, ruwa suka sha har cikinsu ya cika ya dame su, sannan aka raba iyayensu. An ce wa wasu su riƙa tambayar yaron yadda yake ji suna tausaya masa, wasu su ɗauke masa hankali da wata hira, wasu kuma ba a ce musu komai ba. Koke-koken yaran da aka riƙa tambaya ya kusa ninkawa, na waɗanda aka ɗauke wa hankali kuwa ya ragu da rabi. Yaran da kansu sun ce hirar ta fi sa su jin sauƙi, amma iyayen masu ciwon ciki sun fi jin tsoron cewa ɗauke hankalin zai cutar da 'ya'yansu. Wannan tsoro na iyaye abin fahimta ne, domin a al'adarmu kula da mara lafiya yana tafiya da yawan sannu da tambayar jiki, kuma uwar da ta ja wa ɗanta hirar makaranta yana riƙe da ciki tana iya jin kamar ta yi sakaci. Ba sakaci ba ne muddin an duba shi an ba shi maganinsa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa wa tambayar lokaci. A gaya wa yaron, "Zan tambaye ka jikinka da safe, da bayan azahar, da kafin barci. In wani abu ya canza a tsakani, kai ka zo ka faɗa mini, zan kuma yarda da kai." Ta haka ya san ba a yi watsi da shi ba, ba ya kuma bukatar ya ƙara kuka don a gaskata shi. Ana iya amfani da ma'aunin fuskoki shida da asibitoci ke amfani da shi, daga 0 zuwa 10, wanda yaro ɗan shekara huɗu zuwa sama yake iya nunawa da yatsa. A tsakanin lokutan tambaya a cika ranar da abin yi gwargwadon ƙarfinsa, kuma da zarar likita ya ce ba laifi a mayar da shi makaranta ko da rabin yini ne, kada a jira sai ciwo ya ɓace ƙaf. Masu zuwa dubiya kuma a roƙe su kada su zauna a kansa suna ba da labarin ɗan wane da irin wannan ciwo ya yi ajalinsa. Haka nan labaran hare-hare da bidiyon gawarwaki da ake kunnawa a waya a tsakar gida, yaro mai fargaba yana kwashe su duka ko da ya yi kamar wasa yake yi, kuma jikin da ya kwana cikin tsaro ya fi jin ciwo washegari.

Dole a faɗi iyakar wannan hanya a fili. Ɗauke hankali ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. Mai sikila idan ciwo ya tashi a ba shi maganin da likita ya rubuta a kan lokaci, da ruwan sha isasshe, da ɗumi, kada a ce ya daure. Zazzaɓi, ko ciwon ƙirji da wahalar numfashi, ko raunin gefe ɗaya na jiki da karkacewar baki, ko ɗashewar ido da tafin hannu farat ɗaya, ko kumburin ciki ta hagu, ko miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya, duk na garzayawa asibiti ne a take. Mai ciwon ciki kuma idan yana ramewa, ko akwai jini a bayan gidansa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon yana tashinsa daga barci, ko ya tare a ƙasan ciki ta dama, likita zai gani kafin a yi zancen fargaba.

Wani lokaci kuma fargabar ce da kanta take bukatar magani. Idan tsoro ya sa an kasa yi wa yaro allurar da lafiyarsa ta rataya a kai, ko ya shafe makonni yana ƙin makaranta, ko barcinsa da cin abincinsa sun lalace, ko yana yawan mafarkin abin da aka yi masa a asibiti, a nemi likitan yara ya tura shi ga masanin halayyar ɗan Adam. Ana samunsu a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin yaro ya taɓu. Aikin da suke yi da shi mataki-mataki ne: yau ya kalli hoton sirinji har gabansa ya daina faɗuwa, wani zuwan ya riƙe sirinji marar allura ya yi wa 'yar tsana, sannan ya zauna a ɗakin ɗibar jini ba a taɓa shi ba, sannan ya kalli ana yi wa wani babba da ya natsu, kuma ba a wucewa mataki na gaba sai wanda ake kai ya daina tayar masa da hankali.